Yadda Muka Kai wa Kande Ziyara, Muka Dawo da Ita

Talata: Kafanchan zuwa ƙarshen hanyar mota

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba, tun jirgin ƙasa na Jos bai yi kuka ba, na rufe ƙofar kicin, na miƙa wa maigidana makulli. Ya riƙe mini tocila har gidan Mama Tabita, shugabar zumuntarmu. A bakin ƙofa ya yi mana addu'a, muka ce amin, ya koma wajen yara.

'Yan'uwana mata na zumunta, ku ne kuka aike mu, ku ne kuma kuka ga mun tafi mu biyu mun dawo mu uku da goyo. Tun ranar ake tare ni a bakin famfo da cikin kasuwa ana tambaya. Na ga gara in rubuta sau ɗaya a karanta muku, domin bakina ba ya iya maimaitawa. Sunan ƙauyen ba zan sa ba.

Saboda waɗanda suka shigo zumunta daga baya: Kande matar marigayi Bala ce, leburan layin dogo. Shekara tara suka yi a Kafanchan, a cikinmu ta karɓi Ubangiji. Bara Bala ya rasu, danginsa suka kwashe ta da 'ya'ya mata biyu da jariri suka kai ƙauyensu. Watan jiya ta aiko da saƙo ta bakin wata mai sayar da manja, ta ce, "Ni kaɗai ce mai bi a nan. Ku zo ko sau ɗaya in ji waƙa." Kayanmu ke nan: tulun kiɗa, caki, naɗin hotunan bishara, gishiri, da sabulu sanda biyu.

A tasha muka sami motar katako mai zuwa Gidan Waya. Kuɗin mota sule huɗu, har yanzu bakina bai saba da kobo arba'in ba. Direba ya dubi Mama Tabita sama da ƙasa, ya ce, "Mama, ke kam kujerar mutum biyu ce."

Ta ce, "Ɗana, rabin jikin nan alherin Allah ne, shi kuwa kyauta ake ɗaukarsa."

Ya yi dariya, ya sa mu a gaba. Muka tashi ƙarfe shida da minti goma. Kafin bakwai mun wuce Kagoro, mil shida ko bakwai, gajimare ya sauko ya rufe kan dutse, mata suna ta fita gona da fartanya domin an yi ruwan fari. A gangaren da ke gaba na rufe ido. Tun da aka koma tuƙi a hannun dama ban yarda da kowane direba a kwana ba.

Dab da Gidan Waya sojoji sun gitta gangar mai da katako. Ɗaya ya ƙwanƙwasa tulunmu da yatsa.

"Mama, burkutu ne?"

"Leƙa ka gani. Babu komai ciki sai yabon Allah."

"To, a ɗan zuba mini."

Mama Tabita ta ɗora tulu a cinya ta buga masa. Ya taka rawa da bindiga a kafaɗa, ya ɗage katako. Na ce a raina, ashe haka tafiyar za ta kasance da sauƙi.

Mun sauka takwas da rabi. Muka sha kunu da ƙosai, muka zauna a gindin mangwaro har sha biyun rana, kafin muka sami a-kori-kura ta wani ɗan kasuwar manja mai bin hanyar Gwantu. Mil ashirin da biyu ne, amma sai huɗu da minti ashirin muka kai, domin sau biyu muna sauka a tura mota a laka. A garin da hanyar mota ta ƙare, Malam Yohanna mai bishara da matarsa suka karɓe mu. Aka kawo tuwon acca da miyar karkashi, ga doya da manja a gefe.

Muna ci Malam ya ce ba zai iya raka mu ba. Shi ɗan ƙasar ne, an shigar da shi kurmin dodo yana yaro, da ya tuba dattawan ƙauyen suka ce kada ƙafarsa ta sake taka musu ƙasa. Ya ce, "Ku mata ne, ba za su ji tsoronku ba. Amma makon nan dodo yana gari kafin shuka. Ku yi waƙarku, ku ba da labarin Yesu. Abin da ba a tambaye ku ba, ku bar shi."

Na ce, "To, Malam." Na ɗauka na gane.

A nan sai in faɗi wani abu game da kaina. Ni a gidan mishan aka haife ni, babana malamin makaranta ne. Daga nan sai makarantar kwana, daga can sai ɗakin aure. Dodo a wurina labari ne da Baba yake ba mu muna dariya: maza ne suke shiga kurmi, su hura gora da aka liƙe bakinta da saƙar gizo-gizo, murya ta fito kamar ta wani abu daga lahira, mata su dafa wake su kai. Ban taɓa jin kukansa da kunnena ba.

Laraba: mil bakwai a ƙafa

Mun fita ƙarfe shida. Matar Malam ta raka mu har rafi, ta nuna mana turba, ta koma. Ruwa ya kai gwiwa. Ni na ɗauki tulu a ka, Mama Tabita tana dogara sanda tana nishi tana cewa Ubangiji da ya yi duwatsu ya san abin da yake yi, ita dai ba ta sani ba. Ƙasar tana da kyau, kwakwar manja ko'ina, ga ƙanshin ƙasar da ta sha ruwa.

Goma da kwata muka hangi jinkaye. Kande tana tsakar gida tana shanya, ta ɗaga kai, ta yar da abin da ke hannunta, ta taho a guje da goyo a baya. Ta rame ƙwarai. Ta rungume Mama Tabita tana kuka tana dariya. 'Ya'yanta mata, Talatu da Asabe, suka riƙe mini zane, ƙaramar ta tambaye ni ko har yanzu akwai burodi a Kafanchan.

Uwar mijinta, wadda kowa ke kira Kaka, ta kawo mana ruwa a ƙwarya. 'Yar tsohuwa ce siririya, idonta kamar na shaho. Muka ba ta gishiri da sabulu, ta sansana sabulun, ta yi magana da yarensu, Kande ta fassara. Na ɗauka ba ta jin Hausa ko kaɗan. Sai ga wan mijin Kande, Dogo, wanda ya yi soja a lokacin yaƙi, shi ne kuma babba a gidan yanzu.

Ya ce, "Ku ne matan coci? Sannunku da hanya, Madam. Waƙa ba laifi ba ne. Ku yi da mata a wajen daka. Amma da la'asar a ajiye tulu."

Ba kowa ne ya yi murna da mu ba. Wani dattijo ya tofa yawu a gefen ƙafata ya wuce. Wata mata da ta ga na warware hoto ta fizge ɗanta ta juya masa fuska. Wannan bai dame ni ba, har wani daɗi na ji, na ce yau ni ma an ƙi ni saboda Sunan.

Da azahar muka je wajen daka, wani falalen dutse a bayan gari, itatuwan kwakwa sun yi masa inuwa. Mata kusan ashirin suna surfen acca. Mama Tabita ta karɓi taɓarya a hannun wata, ta shiga daka tana cilla ta sama tana tafawa. Mata suka yi shewa. Daga nan ta ɗauki tulu, ni caki, Kande ta ja waƙa, hawaye na zuba mata. Kafin waƙa ta uku, taɓare suna sauka daidai da kiɗa.

Na rataye hotuna a reshe na fara ba da labari, Kande tana juyawa. Akwai wata mai baki a cikinsu, Jummai, wadda take kai manja kasuwa, Hausarta tsaf. Ta katse ni.

"Malama, wannan Yesu naku, matansa nawa?"

"Bai yi aure ba."

"Af! To wa ke dafa masa?"

"Mata ne suka riƙa binsa suna yi masa hidima."

"Ka ji! Ko'ina dai mu ne da tukunya."

Aka kwashe da dariya, har Kaka. Na gaya musu cewa shi ma ya ciyar da mutane, ya taɓa marasa lafiya, bai kori mace daga gabansa ba. Suka zuba wa hoton ido. Wata yarinya mai ciki ta matso ta taɓa takardar da yatsa. 'Yan'uwana, a wannan sa'a na ga ƙofa a buɗe, ban taɓa jin farin ciki irin wannan ba.

Wajen ƙarfe huɗu sai kukan ya taso daga kurmi.

Ban san yadda zan kwatanta muku shi ba. Kamar bijimi a cikin randa, da ƙugin zuma a ƙarƙashi. Ya shiga mini ta tafin ƙafa. Taɓare suka zube. Mata suka durƙusa fuska a ƙasa, kowacce ta danne kan ɗanta. Abin da ya fi girgiza ni, Mama Tabita, wadda ta shekara talatin da baftisma, ita ma ta sunkuyar da kai.

Da kukan ya lafa, sai suka watse cikin gida, suka dawo kowacce da ƙwaryar wake, suna juyewa a wata babbar tukunya. Kande ba ta kawo ba. Kaka ta kawo ƙwarya biyu, tata da ta Kande, ba ta dubi kowa ba. Yarinyar nan mai ciki ta zo da ɗan abin da bai cika tafi biyu ba, tana kuka ba sauti. Na tambayi Kande, ta raɗa mini cewa irin shukarta ke nan, ba ta da wani.

Zuciyata ta karye. Allah ya sani ba don fahariya na yi ba, tausayi ne ya rufe mini ido. Na miƙe, ban jira fassara ba, na ɗaga murya da Hausa.

"'Yan'uwana, kada ku ji tsoro! Babu wani dodo a kurmin nan. Mazanku ne suke hura gora. Waken nan su za su cinye. Ke, mayar da irinki gida! Yesu ya 'yantar da ku daga wannan."

Na zaci za su ɗago kai da mamaki. Babu wadda ta motsa. Sai ji na yi tafin Mama Tabita ya rufe mini baki da ƙarfi, har na ɗanɗani dusar acca. A cikin shirun nan muka ji kwaram-kwaram a sama. Wani mutum ne da ya hau kwakwa ɗiban bammi, tun ɗazu yana bisa kanmu ba wadda ta lura. Ya sauko, ya bar gorarsa a gindin itace, ya nufi kurmi da gudu.

Kaka ta tako har gabana. Ta buɗe baki da Hausa, Hausa sosai.

"Ke 'yar makaranta. Tun daga Kafanchan kika hau mota don ki gaya mini wannan? Mai muryar nan mai kauri, Dogo ne. Ni na haife shi. Ko tari ya yi a bayan dutse na san shi."

Na cire hannun Mama daga bakina, na ce, "Kaka, kin sani?"

"Kakata ta sani. Uwata ta sani. Wace ce a nan ba ta san numfashin mijinta ba? Mu ba su wake, su yi kukansu, su ji su maza ne, gari ya kwana lafiya. Wadda ta sani a cikinta, ba ta da laifi. Wadda aka faɗa a kunnenta, ita ce ta shiga uku. Ke gobe sai mota. Mu fa?"

Jummai, wadda muka gama dariya da ita yanzu, ta fizge hotuna daga reshe ta jefa mini a ƙirji. Wata ta watsa mana dusa. Wata ta sa taɓarya ta fasa tulu da bugu ɗaya tak. Ba maza ba ne suka yi mana wannan. Matan da na zo in 'yantar ne, kuma ba fushi ne ya fi yawa a fuskarsu ba, tsoro ne. Yarinya mai ciki ta juye wakenta a tukunya tana kallona kamar na zo kashe ta.

Kande ta ja mu ɗakinta ta rufe ƙofa. Na ce, "Mama, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

Mama Tabita ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Ina yarinya, ƙanwar uwata ta yi irin maganar nan a bakin rijiya, da wasa. Kwana biyu aka ce dodo ya haɗiye ta. Ba mu ga ko ɗankwalinta ba. Shekara talatin ina bin Yesu, Rifkatu, har yau bakina bai taɓa iya furta abin da kika furta ba. Na ɗauka kowace mace da sanin haka ake haihuwarta."

Kafin rana ta faɗi Kaka ta shigo. Ba ta dube ni ba. Ta ce wa Kande gobe da safe dattawa za su zauna, za a tambayi kowace mace ko ta ji. Matan duk sun shirya, za su ce ba su jin Hausa. "Ke kuwa kin yi shekara tara a birni, wannan ba zai yi miki ba. Ki ce jariri yana ihu a kunnenki. Za a ba ki ruwan rantsuwa a ƙwaryar dodo, ki kurɓa, magana ta mutu. In kika ce kin ji, za ki bar garin nan, yaran kuwa na gidan ubansu ne. Kin gane?"

Kande ta ce, "Na gane, Kaka."

Aka kawo mana abinci, babu wadda ta taɓa.

Alhamis: gindin ɗorawa

Ƙarfe bakwai aka kira mu. Maza a zaune kan duwatsu, mata a durƙushe gefe. A tsakiya ga Magajin Dodo, ashe dattijon nan ne da ya tofa mini yawu. Gabansa an kife wata baƙar ƙwarya. Dogo ya tsaya yana juya magana zuwa Hausa, domin Magaji ya ce baƙi su ji da kunnensu.

Na roƙi izini na durƙusa. Na ce laifi nawa ne ni kaɗai, in hukunci ne a yi mini. Magaji ya amsa a taƙaice, Dogo ya fassara: "Ya ce baƙo ko da ido makaho ne. In makaho ya taka shuka, mai jan sandarsa ake tambaya."

Aka fara kiran mata ɗaya-ɗaya. Kowacce ta amsa da yare, Dogo ya ce, "Ta ce ba ta jin Hausa." Aka zo kan Jummai. "Ta ce ba ta jin Hausa." Aka zo kan Kaka, uwarsa, wadda a gabansa take ciniki da fatake da Hausa. Fuskarsa ba ta motsa ba. "Ta ce ba ta jin Hausa." Magaji yana ta gyaɗa kai. Sai na gane cewa mazan ma sun san matan sun sani. Gari guda, kowa yana riƙe wa kowa zane, ni kuwa na zo na fizge.

Saura Kande. Dogo bai jira Magaji ba, ya sassauta murya ya yi mata Hausa, kamar mai roƙo.

"Matar ƙanena, yaron nan yana kuka jiya, ko ba haka ba? Har kurmi... har nesa ana jin kukansa. Ai ba za ki ji komai ba."

Aka buɗe ƙwarya, aka zuba ruwa.

'Yan'uwana, zan faɗa muku abin da ban gaya wa ko maigidana ba. Ni da nake koya wa yaranku a makarantar Lahadi cewa ƙarya zunubi ce, a durƙushe a wurin nan addu'a nake yi Kande ta yi ƙarya. Ina cewa, Ubangiji, kurɓa ɗaya ce, ka kau da kai.

Kande ta dubi 'ya'yanta, suna tsaye jikin Kaka. Ta gyara goyo. Ta ce, "Yaro yana barci a lokacin. Na ji."

Dogo ya ce, "Ban ji ki ba. Sake tunani."

"Na ji, Baba. Ruwan nan kuma ba zan sha ba. An riga an yi mini wanka da wani ruwa, ba zan haɗa biyu ba."

Dogo ya ƙi fassarawa. Magaji ya ɗaga masa hannu, ya ce da Hausa, "Bar shi. Na ji."

Hukunci bai ɗauki minti biyar ba. Kande ta bar gari kafin rana ta kai tsaka. Gonar Bala ta koma hannun Dogo. Talatu da Asabe su zauna. Jariri ya bi nono, in an yaye shi a dawo da shi. Mu kuma kada a sake ganin mai ɗankwalin zumunta a ƙasarsu.

Babu wanda ya daki kowa. Da ma an dake ni.

Ba zan iya rubuta rabuwar ba. Talatu, babbar, ta gane, ta tsaya ƙiƙam ba ta yi kuka ba. Asabe ta ɗauka Kafanchan za a tafi da ita, ta ruga ta ɗauko takalminta. Kande ta durƙusa ta sa mata takalman, ta ɗaure, sannan ta miƙa hannun yarinyar ga Kaka.

Mun fita tara da minti arba'in. Kayan Kande ƙunshi ɗaya ne da tukunya. Duk ƙofofi a rufe, ba wadda ta leƙo. Mun kusa rabin mil sai muka ji taku a baya. Kaka ce, tana haki, da 'yar gorar manja a hannu. Ta ɗora wa Kande a kan ƙunshi.

Ta ce, "Taurin kai kamar mijinki. Yaran ba za su kwana da yunwa ba ina da rai. Bayan girbi zan kawo manja kasuwar Kafanchan. Na tsufa, ba na iya ɗaukar kaya, dole in zo da yara masu ɗaukar mini."

Kande ta kama ƙafarta. Kaka ta janye, ta juyo wajena a karo na farko tun jiya.

"Ke kuma, in Allahnku ya sake aiken ki wani gari, ki kwana uku kina daka tukuna."

Ta juya ta koma.

Rafi ya ƙaru da ruwan dare, ya kai mana ƙugu. Na karɓi jariri na ɗaga shi bisa kai muka haye. Ƙarfe biyu muka isa gidan Malam Yohanna. Da ya ga Kande da ƙunshi, bai tambayi komai ba, ya cire hula ya zauna a kan turmi. Daga baya na ba shi labari duka. Na jira faɗa. Ya ce, "Shekara shida ina addu'a a buɗe ƙofar garin nan." Bai ƙara ba. Matarsa ta dafa mana fate, ta shimfiɗa wa Kande tabarmarta ta kanta.

Jumma'a: komawa gida

Babu motar kasuwa ranar. Ƙarfe tara wata tirela mai jan gungumen katako ta tsaya, Malam ya roƙi direba, ya ɗauke mu a gaba bai karɓi ko kwabo ba. Ya so ya yi hira, ya ga fuskokinmu, ya kunna rediyo. Sha biyu da rabi muna Gidan Waya. Na sayo wa Kande dafaffiyar gyaɗa da mangwaro, ta ci kaɗan saboda nono. Ƙarfe biyu muka sami mota, sojoji suka ɗaga mana hannu muka wuce. A hawan dutse mota ta yi zafi, muka tsaya minti arba'in ana zuba mata ruwa. Kagoro ƙarfe huɗu, Kafanchan biyar saura kwata.

Maigidana yana zaune a ƙofar gida. Ya miƙe da fara'a yana cewa, "Maraba da 'yan bishara! Mutum nawa suka..." Sai ya ga Kande a bayana, ya haɗiye sauran. Ya karɓi ƙunshinta, ya sa yara su share ɗakin baƙi.

Da na kai mata ruwan wanka, na ajiye bokiti, na durƙusa a gabanta. Na ce, "Kande, ni na raba ki da 'ya'yanki. Ki gafarta mini."

Ta kama hannuna ta ɗaga ni. Ta ce, "Tashi, Maman Dauda, ki daina. Abin da kika faɗa gaskiya ne, abin da na faɗa ma gaskiya ne. Sai dai ke kin faɗi taki ba ki san abin da za ta ci ba. Ni na san abin da tawa za ta ci, na faɗa. Taki na yafe. Tawa kuma kada ki ƙwace mini ita."

Ina godiya ga Ubangiji da ya kai mu ya dawo da mu. Ina godiya ga Malam Yohanna da matarsa, ga direban tirela da ban san sunansa ba, ga Mama Tabita da ba ta ce mini "ai ga shi nan" ko sau ɗaya ba a duk tsawon hanya, da ku da kuka haɗa mana guzuri. Kande tana gidana, duk mai son gaishe ta ƙofa a buɗe take, amma don Allah kada a zo da tambayoyi. In kun durƙusa, ba ni nake roƙo ku tuna ba. Talatu shekararta takwas, Asabe biyar. Ku kira su da suna.